Baƙon da Ya Ƙi Karɓar Gyara

Akwai wata mace a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunanta Liyatu, sana'arta daddawa. A hannun kakarta ta koya, kuma duk yankin an san aikinta. In ta dafa kalwa ta rufe, ran kwana na uku ta buɗe kwando, tun daga bakin rafi mutane ke sanin daddawar Liyatu ta yi.

Ana nan sai mijinta ya kwanta ciwo. Shekara biyu yana kwance. Awaki suka tafi, gonar fadama ta tafi, a ƙarshe har babbar tukunyar ƙarfen da take dafa kalwa aka sayar aka sayi magani. Da Ubangiji ya kira shi gida, ya bar ta da 'ya'ya uku da murhu ba tukunya.

Ikilisiya ba ta yashe ta ba. Kowace kaka, in an tara baikon hatsi, akan auna wa gwauraye rabonsu, ita ma a auna mata. Tana karɓa tana godiya, kuma har zuciyarta take godiyar. Amma wani abu ya faru wanda ba wanda ya shirya shi. A da, in baƙo ya tambayi gidanta, akan ce masa, "Liyatu mai daddawa? Bi warin nan, zai kai ka har ƙofa." Yanzu kuwa sai a ce, "Wace Liyatu? Ta hatsin coci?" Ba da mugunta ake faɗa ba. Ita dai duk ranar da ta ji, sai ta wuni ba ta son haɗa ido da kowa.

Maƙwabciyarta Keziya ce kaɗai ba ta taɓa kiranta haka ba. Keziya ba mai hali ba ce. Ƙuli-ƙuli take yi in ta sami gyaɗa, in ba ta samu ba ta zauna. Amma a shekaru ukun da suka biyo bayan rasuwar mijin Liyatu, duk ranar da ba ta ga hayaƙi ya tashi a gidan Liyatu ba, sai ta miƙo kwanon tuwo ta saman danga, ta ce, "Ƙawata, riƙe mini wannan, ya yi mana yawa." Su biyun sun san bai yi yawa ba. Ba wadda ta taɓa faɗa.

Wata shekara sai waɗansu matasa daga birni suka zo da dabara. Mutanen birni suna son fita su sha iska, su hau dutse, su ga ƙauye, kuma suna biyan kuɗin tafiya. Matasan suka ce, in an cire kuɗin mota da na abinci, abin da ya rage kada ya shiga aljihun kowa. A zuba shi a asusu a hannun zumuntar matan ƙauyen. Daga nan a riƙa ba mata rancen jari, ba kuɗin ruwa, suna biya kaɗan-kaɗan kowace ranar kasuwa. In baƙi sun zo kuma, a kai su gidajen matan, su ga sana'ar da kuɗinsu ya tayar, su saya in suna so.

Matan zumunta suka yarda, suka kuma ƙara tasu ƙa'idar. Suka ce in mace ta gama biya, ba ma'aji ce za ta ba ta gaba ba. Ran Lahadi bayan sujada, a gaban jama'a, wadda ta gama ita ce za ta ɗauki kuɗin da hannunta, ta sa a hannun wadda layi ya zo kanta, ta yi mata addu'a.

Da layi ya zo kan Liyatu, ta sayi tukunya, ta sayi buhun kalwa tun tana araha. Hayaƙi ya koma tashi a gidanta. Kowace Alhamis, in kasuwa ta watse, takan biya ta gidan Afiniki, ma'ajin zumunta, ta kwance bakin zaninta ta ba da abin da ke kanta. Wata rana ta ce, "Ma'aji, in na gama, wa ke bi na?"

Afiniki ta buɗe littafi ta duba, ta ce, "Keziya ce."

Liyatu ta yi mata sallama ta fita. A hanyar gida ta tarar da kanta tana waƙa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Tun daga ranar, in tana surfen kalwa ko tana hura wuta, wannan Lahadin take gani: ita a tsaye, Keziya a gabanta, hannunta ne a sama yana miƙawa.

Saura kasuwa huɗu ta gama, sai ga motar baƙi da hantsi. Su goma sha biyu ne, Afiniki na gaba tana yi musu jagora. Ranar kuwa Liyatu ta buɗe kwando. Suna shiga gidan wata budurwa a cikinsu ta toshe hanci da mayafi.

Liyatu ta yi dariya, ta ce, "Toshe abinki, 'yata. Anjima in an zuba a miyar kuka, ke ce za ki fara neman ƙari."

Aka yi ta dariya. Ta nuna musu yadda ake dafa kalwa wuni guda, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye, a daka, a cura, a shanya. Bakinta ya buɗe, hannunta na aiki, ta manta ma da cewa baƙi ne.

A cikinsu akwai wani dattijo mai furfura, da tabarau da sandar hannu, wanda ya yi aikin gwamnati har ya huta. Shi bai toshe hanci ba. Ya tsaya kusa da kwandon, ya lumshe ido, yana shaƙa. Da ya buɗe idon, sun cika da hawaye.

Ya ce, "Mama, mahaifiyata wannan sana'ar ta yi. Da ita ta biya mini makaranta. Shekara talatin ban ji wannan ƙamshin a tsakar gida ba."

Liyatu ta ce, "Ka ji wanda ya san abu. Kowa na cewa wari, Baba ya ce ƙamshi."

Ya sayi daddawa mai yawa, ya biya ba ciniki. Ta ƙirga masa, ta ƙulle. Sa'an nan, kamar yadda kowace mai sayarwa ke yi wa wanda ta ji daɗin cinikinsa, ta zaɓi manyan curi uku ta ɗora a kai, ta ce, "Ga gyara, Baba."

Dattijon ya duba rufin ɗakinta da ya fara zubewa. Ya duba takalmin ƙafarta da aka ɗinke da waya. Tausayi ya kama shi. Ya kwashe curin nan uku ya mayar cikin faifai, ya ce da murya mai taushi, "A'a, Mama. Ina ni ina karɓar gyara a hannunki? Ke ce mai bukata. Ajiye ki sayar."

Baƙi suka gyaɗa kai, suna ganin ya kyauta. Maƙwabta da suka leƙo ta danga kuwa suka dubi juna. Liyatu ta ce, "To, na gode." Ta sunkuyar da kai. Har suka fita ba ta ƙara wata raha ba.

Rana ta take, sai ga Afiniki ta dawo da sauri, littafi a hammata, fuska cike da murna.

"Liyatu, albishirinki!"

"Goro."

"Dattijon nan ya tambaye ni abin da ya rage a kanki, na faɗa masa, ya biya duka nan take. Kin huta! Kuma tun da kuɗi sun cika, mun ce a ba Keziya yau ma. Baƙin suna cin abinci a gindin mangwaron coci. Suna gamawa, shi Baban zai miƙa mata da kansa, a ɗauki hoto kafin su tafi."

Liyatu ta zauna a kan turmi. Ta ce a hankali, "Shi zai miƙa mata?"

"To, ai shi ya cika. Ke ba ki ji daɗi ba ne?"

"Kin soke sunana?"

"Ban soke ba tukuna, birona ya ƙi rubutu."

"To, Allah ya yi wa biron nan albarka. Kada ki nemi wani."

Ta tashi ta wanke fuska, ta ɗaura zanin zumunta. Ta ɗauki curin nan uku ta naɗe a ganye. Ta yi jim, ta ɗauki na huɗu ta ƙulle a bakin zani. Ba ta taɓa tsayawa gaban babban mutum ta ce masa a'a ba. Tana tafe tana cewa a ranta, "Ya Ubangiji, mutumin nan alheri ya yi nufi. Ka ba ni bakin da ba zai kunyata shi ba."

Ta same shi yana wanke hannu a gefe, shi kaɗai. Ta rusuna, ta ce, "Baba, ka yi mantuwa a gidana."

Ya laluba aljihu, ya taɓa tabaransa. "Ni? Me na bari?"

Ta buɗe ganyen. "Gyaranka."

Ya yi murmushi. "Haba, Mama, ai na ce ki riƙe."

"Na ji, Baba. Ka yi mini haƙuri in yi magana, in na yi kuskure ka gyara mini. Shekara uku ba abin da ya fita daga hannuna ya shiga hannun wani. Kullum ni ake ba. Ban raina ba, da shi 'ya'yana suka rayu. Amma yau da na ɗora maka curin nan, ji na yi na koma Liyatu mai daddawa. Da ka mayar, sai na koma ta hatsin coci."

Dattijon ya tsaya da ruwa na ɗiga daga yatsunsa.

Ta ci gaba. "Kuɗin da ka biya kuma, Allah ya saka maka. Amma saura kasuwa huɗu ne kawai, kuma zan iya. Matar da za ka miƙa wa kuɗin nan, ita ta ciyar da 'ya'yana ta saman danga, alhali nata ba su ƙoshi ba. Wata takwas ina tara wannan ranar, kwabo-kwabo. Ba ni da abin da zan saka mata da shi sai wannan. Baba, kai ko'ina ka je kana da abin bayarwa. Ni wannan kaɗai gare ni. Ka bar mini."

Dattijon ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Ina ƙarami na taɓa ce wa mahaifiyata ta daina ba mutane gyara, tun da mu kanmu ba ma ƙoshi. Kin san abin da ta yi? Ta ja mini kunne, ta ce ranar da na ga ta daina gyara, in sani ta tashi daga kasuwa ke nan. Na tuna ƙamshin daddawarta, amma na manta maganarta. Ki gafarce ni, Mama."

Ya jingine sandarsa a jikin bishiya, ya miƙa hannu biyu. Ta sa masa ganyen a ciki. Ya buɗe ya ƙirga, sai ya ɗaure fuska.

"Uku kacal? Duk cinikin da na yi miki? Wannan ai rowa ce."

Liyatu ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Ka ji Baba! Ɗazu ka ƙi, yanzu kana neman ƙari?" Ta kwance bakin zani ta fito da na huɗun. "Dama na san halin 'ya'yan masu daddawa. Ungo."

Afiniki ta matso ta ce, "To, Baba, kuɗinka fa? In mayar maka?"

Ya ce, "Mata nawa ke jira a littafin nan?"

"Bayan Keziya, tara."

"Zuba a asusu, layi ya yi sauri. Kada ki rubuta sunana. Hoton ma a bar shi."

Motar baƙi ta tafi da yamma. Liyatu ta koma gida da bashinta a kanta, tana tafiya kamar wadda aka sauke wa kaya.

Ba kasuwa huɗu ta ɗauka ba, biyar ce. A mako na uku aka yi kwana uku ana ruwa, daddawa ta ƙi bushewa, kwando guda ya lalace. Ta je gidan Afiniki hannu wofi. Afiniki ta ce, "Kin gani? Da kin bari an biya miki, da yanzu kina barcinki." Liyatu ta ce, "Da ina barci, amma ba mai daɗi ba." Ta koma ta hura wuta.

Ran Lahadin da ta cika, bayan sujada, aka kira su gaba su biyu. Afiniki ta ba Liyatu kuɗin a ƙulle a hankici. Liyatu ta shirya doguwar addu'a tun watanni, amma da ta dubi fuskar Keziya, duk ta gudu. Sai ta kama hannun ƙawarta, ta sa ƙullin a ciki, ta rufe da nata hannun, ta ce,

"Ƙawata, riƙe mini wannan. Ya yi mini yawa."

Jama'a ba su gane ba. Keziya ta gane. Ta rungume ta, suka yi ta kuka suna dariya, har sai da uwar zumunta ta ɗaga waƙa don a rufa musu asiri.

Ma'anar wannan misali ita ce:

Baƙon nan mu ne, a duk ranar da muka fita da zuciya mai kyau don mu taimaki wani. Ku lura, shi ba mugu ba ne. Ya yi hawaye, ya buɗe aljihu, bai nemi komai ba. Kuskurensa ɗaya ne: ya duba rufin ɗaki da takalmi, bai duba hannun da ke miƙa masa kyauta ba. Ya yanke wa matar abin da take bukata, bai tambaye ta ba.

Liyatu kuwa ita ce ɗan'uwa ko 'yar'uwar da wahala ta canja wa suna. Suna nan a cikinmu, wataƙila a benci ɗaya muke zaune da su. Gyaran nan shi ne ɗan abin da Allah ya bari a hannun kowane mutum, komai rashinsa, domin shi ma ya zama mai bayarwa. Wanda ya hana matalauci bayarwa ya ƙwace masa abu mai tsada, ko da ya cika masa rumbu.

Kada wani ya ce misalin ya hana kyauta. Hatsin coci ne ya raya 'ya'yan Liyatu, kuma akwai ranar da mutum ba ya bukatar komai sai a ba shi kawai. Wani kuma zai ce, ai Ubangijinmu Yesu biyan bashinmu ya yi, me ya sa baƙon bai kyauta ba da ya biya nata? To, bashin zunubi bashi ne da ba za mu taɓa iya biya ba, ko da an ba mu kasuwa dubu. Wannan sai alheri. Amma na Liyatu saura kasuwa huɗu ne, kuma tana da hannu, tana da tukunya. Rancen da aka ba ta yana ce mata, "Mun yarda za ki iya." Biyan da aka yi mata kuwa, ba da nufi ba, cewa ya yi, "Ba za ki iya ba."

Ku tuna kuma yadda Ubangiji kansa ya yi tafiya a cikinmu. Shi da ya halicci koguna, ya zauna a bakin rijiya ya roƙi wata mace ruwan sha. Ya ari jirgin masunta ya yi koyarwa a ciki. Ya ari jaki. Ya ci abinci a gidajen mutanen da ba a ɗauke su komai ba. Mai komai ya yarda a ba shi, domin ya ɗaga kan masu ba shi.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna tafiye-tafiye. Matasa na zuwa taro, zumunta na kai ziyara ƙauyuka, lokacin Kirsimeti har dutse muke hawa. Me zai hana, duk tafiyar da za mu yi, kowa ya ɗora kuɗin kwalbar lemo ɗaya a kan kuɗin mota, a tara, a bar shi jari a hannun matan garin da muka je? Shekara mai zuwa in mun koma, ba tsofaffin kaya za mu je rabawa ba, ciniki za mu je yi. Za mu sayi man gyaɗa, mu sayi tabarma, mu sayi daddawa a hannun mutanen da muka san sunayensu. Abin ba wuya, fara shi ne kawai ya rage.

Amma ko mun fara ko ba mu fara ba, ga abin da kowa zai iya tun daga wannan mako. Kafin ka taimaki mutum, ka tambaye shi. Kafin ka ɗauki hotonsa, ka tambaye shi. In ka shiga gidan da ba su da komai, suka kawo maka ruwa a moɗa, ka sha. In tsohuwa mai ƙosai ta ɗora maka gyara, kada ka ce ita ce mai bukata. Ajiye abin da ke hannunka, ka miƙa hannu biyu, ka karɓa, ka ce mata, "Na gode, Mama."

Ubangiji ya ba mu hannun da ya iya bayarwa, ya kuma iya karɓa. Amin.